Sunan da Baba Ya Bar wa Jama'a

Allah ya karɓi ran Baba ranar wata Talata da hantsi, ana shirin shiga azumi, a ɗakinsa na gidanmu da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Agege. Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma, Baba ya riga mu ne kawai. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Kafin magariba layinmu ya cika maƙil, har 'yan okada masu babur suka haƙura suna zagayawa ta bayan masallaci.

'Yan kasuwar goro ne suka fara zuwa, abokan sana'arsa, suna ta shaidar cewa bai taɓa cusa goro mai sankara a tsakiyar huhu ba. Sai mutanen Nijar masu gadi, waɗanda ke barin jakunkunansu a rumfarsa in za su gida ganin iyali. Sai maƙwabtanmu Yarbawa da "e pele, e pele" ɗinsu na ta'aziyya. Duk waɗannan na san su, na kuma san abin da zan ce musu. Waɗanda suka ɗaure mini kai su ne wasu tsofaffi da ban taɓa gani ba, maza da mata, wasu daga Ojo, wasu daga Ajegunle, wani ma da sandarsa daga Iyana Ipaja. Suna gama gaishe da Inna sai su hau waige-waige. Ni suke nema.

Wata tsohuwa Bayarabiya ta kama fuskata da hannu biyu, ko sallama ba ta gama ba.

"Ke ce? Ke ce ta cikin waƙa?"

Na ce ni ce 'yarsa ta fari.

"Ah! Ni da maigidana a kan waƙar nan muka haɗu. Babanki ya kira sunan nan, duk fili ya tashi tsaye. Kin yi sa'ar uba, o!"

Na janye fuskata. Goggo, ƙanwar Baba, ta yi maza ta ce, "Yi haƙuri, Mama, mutuwar ce ta taɓa ta." Mutuwar ta taɓa ni, ba ƙarya. Amma abin da ya tokare mini ƙirji a lokacin nan kishi ne, tsagwaronsa. Wannan tsohuwar da ba ta haɗa komai da mu ba ta tsaya gaban Baba ta ji sunana ya fito daga bakinsa. Ni da ya haifa ban taɓa ji ba, ko sau ɗaya, har aka rufe shi.

Jikokinsa za su tashi ne da labarin Alhaji mai goro, dattijo marar son hayaniya. Shi ya sa na ce bari in rubuta ɗayan rabin, tun waɗanda suka san shi ba su bi shi ba. Akwai kuma maganar da ba a yi a kan tabarmar makoki.

Bayan yaƙin basasa samarin Legas suka haukace da jitar lantarki, irin kiɗan nan mai ƙara da ake ce wa rok. Baba, ɗan babban dillalin goro, wanda ya sauke Alƙur'ani tun bai yi gemu ba, shi ma ya tara suma, ya ɗinka wando mai faɗin ƙafa wanda Goggo ta ce share layi yake yi in ya wuce. Su huɗu suka haɗu, ana ce musu Yaran Tasha, don a wani tsohon sito na kusa da tasha suke gwaji. Baba ne mai waƙa. Mai gangarsu Kirista ne ɗan kudancin Kaduna, ubansa ma'aikacin reluwe, shi ne muka tashi muna ce wa Kawu Mai Ganga.

Faifai ɗaya tak suka yi. Waƙar ta wani saurayi ce da ya iso tasha a makare, jirgin Arewa ya riga ya ɗaga da yarinyar da yake so, yana bin tarago da gudu yana kiranta. Amshin ba komai ba ne sai sunan yarinyar. In an zo wurin, jita ta yi shiru, ganga ta tsaya cak, sai murya kaɗai tana jan sunan har numfashi ya ƙare. Waƙar ta cinye gari. Yarbawan da ba su san ko "zo" da Hausa ba sun haddace ta, ana sa ta a shagon aski, a gidan biki, a cikin danfo, motar hayar Legas.

Kakanmu, mahaifin Baba, bai yi masa faɗa ba. Ba halinsa ba ne. Ya yi masa aure, ko zai natsu, Baba ya ci gaba da hawa dandali da aurensa. Kaka ya zuba ido. Da Inna ta haife ni, Baba ya bar wa mahaifinsa zaɓin suna, yadda ɗa mai ladabi yake yi da haihuwar fari. Ranar suna da sassafe aka taru a ƙofar gida, Kaka ya raɗa wa liman, liman ya yi addu'a, sanƙira ya ɗaga murya ya faɗa wa duniya. Sunan cikin waƙar ne. Goggo ta ce samarin da ke baya suka tuntsire da dariya, suna tsammanin tsoho ya sauko ya karɓi waƙar ɗansa. Da suka dubi fuskar Baba sai dariyar ta mutu. Kaka kuwa ya ci gaba da rabon goronsa kamar ba shi ya yi ba.

Bahaushe ba ya kiran sunan ɗan fari, wannan kowa ya sani. Mutanen gidanmu kuwa sun riƙe wannan kara fiye da na Arewa ma, don wanda ke zaune a baƙon gari ya fi kowa tsoron a ce ya lalace. Mutumin da ba zai iya faɗin sunan 'yarsa a tsakar gidansa ba, ta yaya zai hau dandali ya kwarara shi a lasifika, surukansa na ji, abokan mahaifinsa na ji? Da raɗa ɗaya a kunnen liman Kaka ya gama da Yaran Tasha.

Inna ta ba ni labarin rigimar da aka yi a zaure, tana jin su ta bayan labule, ina goye a bayanta. Kawu Mai Ganga ne ya fi kowa ɗaga murya, don a wurinsu babu wannan al'ada.

"Wane irin wahala ne wannan? Suna ne kawai fa! Ka rufe ido ka faɗa!"

"Ba zan iya ba."

"Jiya ka iya, yau ba ka iya ba? Bakinka ne ya canja?"

"Jiya ba ni da 'ya."

Sun gwada sa wani suna a waƙar, 'yan kallo suka yi musu ihu. Sun gwada sababbin waƙoƙi, ba wanda ya saurara, waccan ɗin dai ake so. Sun ɗauko wani mawaƙi, aka jefe shi da ɓawon lemo. Ranar da suka rabu Kawu ya tsaya a ƙofar gidanmu ya ce, "Jaririya ta kashe mu," ya tafi, suka yi shekaru ba sa ga-maciji. Kafin in fara tafiya ƙungiyar ta watse, Baba ya aske sumarsa ya zauna a rumfar goro.

Baban da na sani ke nan. Mutum ne mai sanyin motsi, in yana zaɓen goro sai ka ce ƙwai yake juyawa. Yakan yayyafa wa ganye ruwa da bayan yatsunsa, ya shinshina huhu kafin ya kwance shi, ya ce wannan ya sha zafin mota. Yatsun nan kuwa ba su taɓa tuba ba: a kan akushi, a kan gwiwarsa, a jikin buta yana jiran kiran salla, kullum suna kaɗa wani abu shi bai ma sani ba. Iyakar yabonsa "ba laifi". Ƙanena ya zo na ɗaya a makaranta, ba laifi. Inna ta yi miyar da maƙwabta suka leƙo, ba laifi. In ya ce "kai, madalla," to abin ya ɓata masa rai ne.

Ƙannena yakan kira su da sunayensu, har da ɗan ja a ƙarshe, don makogwaron mawaƙi ba ya iya kiran suna a bushe. In ya dawo kasuwa ya tsaya a zaure yana kiransu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karɓi burodinsa. In ya zo kaina sai ya miƙa wa ƙanena ya ce, "Kai wa yayarku." Ni ce "waccan", ni ce "yarinyar nan", in ta kama dole ni ce "ke". Lokacin da zazzaɓin taifot ya kwantar da ni, a bakin ƙofa yake tsayawa, bayansa a juye, yana tambayar Inna, "Yaya mai jikin?" Inna ta ce ya daina cin abinci har na tashi. Na yarda. Amma ni ba rashin cin abincinsa nake so ba.

Da sunan ya ɓace daga duniya gaba ɗaya, da sauƙi. To bai ɓace ba. Duk ranar ɗaya ga Oktoba, ranar tunawa da samun 'yancin kai, gidajen rediyo sukan tono tsofaffin faya-fayai, kuma wannan waƙar ba ta taɓa faɗuwa a ciki ba. Tun da safe za ta fara tashi daga shagon tela, ta faɗa gidan maƙwabta, ta fito ta bakin mai shayi. Baba yana jin an taɓa jitar farko zai miƙe ya ɗauki buta, ko da alwalarsa. Ni kuwa in na fita, yaran layi su biyo ni suna jan sunan, kwandastan danfo ya leƙo ya ja nasa. Da soja suka koma bariki aka ƙara wata ranar hutu a watan Mayu ta tunawa da dawowar farar hula, kowa yana murna, ni kuwa an ƙara mini rana guda ta shan tsokana a shekara.

Mutane sukan ce, to ai ga muryarsa nan a faifai yana kiranki, me kike nema kuma? Wannan kiran ba nawa ba ne. An ɗauke shi ban zo duniya ba. Na taɓa matsa wa Inna sai ta gaya mini ko wace ce. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Wata mai sayar da lemo ce a tasha, ko kallon arziki ba ta taɓa yi masa ba." Inna ko a jikinta. Ni ce nake kwana da matar a raina. Ta yi tafiyarta Arewa ko ina ne, ta bar muryar ubana tana bin ta da gudu har yau, ni aka bar mini sunan kamar kwancen zane.

Sai kuma 'yar Kawu Mai Ganga. Ina 'yar budurwa labari ya zo cewa danfo ya buge Kawu ya karya masa ƙugu, ga matarsa ba ta daɗe da rasuwa ba. Baba ya rufe rumfa ya tafi Ajegunle, wurin mutumin da ya yi shekaru ba ya amsa gaisuwarsa. Ya kai shi wurin mai ɗori, ya dawo mana da 'yarsa, wadda na girme ta kaɗan, ya ce wa Inna, "Ga amana." Ta zauna da mu har uban ya miƙe. Duk Lahadi Baba zai goya ta a babur ya kai ta ƙofar coci, ya zauna a gindin bishiya yana ɓantarar goro har su tashi. Masu tsegumi suka yi ta yi, bai ko waiga ba. A cikin alherinsa duka babu wanda ya kai wannan, kuma babu wanda ya ci mini rai kamarsa. Yarinyar nan takan zauna a kan tabarmarsa, ta sa hannu a kwanonsa, ta ja masa hula. Ya kira sunanta da safe, ya kira da yamma. Ni ina kawo ruwan wanke hannu in ajiye in juya.

Bara, da ƙasar nan za ta cika shekara arba'in da samun 'yanci, wani gidan rediyo ya ce zai tara tsofaffin mawaƙan da suka rage a wani fili a nan Agege, su yi wasa da rana tsaka. A cikin Yaran Tasha biyu sun riga mu gidan gaskiya. Kawu Mai Ganga ya zo yana ɗingishi, ya tarar na kawo wa su Inna abinci daga gidan mijina.

"Alhaji, abeg, don Allah. Tsohon da ya ɗaure ka ya daɗe a ƙasa. Mu ma mun kusa. Sau ɗaya kawai, a san mun taɓa rayuwa."

Baba yana ta kaɗa yatsu a gwiwa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, ni da ban taɓa sa baki a maganarsa ba.

"Baba, ka je."

Ya dubi bango, ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce wa Inna, "Ki gaya mata na ji."

Ya yarda. Ya riƙa zuwa Ajegunle bayan azahar suna gwaji a ɗakin Kawu, da wasu samari da aka samo musu su cike gurbin mamatan. Ni kuwa na ɗinka sabon kaya, na yi lalle, kamar wadda za a kai ɗakin miji. Na ce wa kaina amshin nan ba shi da wata kalma sai sunan, ba ta inda zai zille. Kuma yanzu babu mai lemo, in ya faɗa, ni ce.

Ranar na riga kowa zuwa na kama kujerar gaba. Rana tana dukan mutane, ga tutoci kore da fari, ga 'yan makaranta an jera su. Aka kira Yaran Tasha. Baba ya fito da farin kaftani da hularsa, jita a rataye, sai ka ce liman ne aka ba riƙon kayan wani. Amma da ya buɗe baki, wallahi tsigar jikina ta tashi. Muryar tana nan. Ta yi kauri, ta ɗan dushe, amma ita ce. Tsofaffi suka miƙe, mata suka ɗaure gyale a ƙugu. Saurayin cikin waƙa ya iso tasha, jirgi ya ɗaga, ya fara gudu. Jita ta yi shiru. Kawu ya ɗaga sandunansa sama.

Sai Baba ya zare makirfo ya miƙa wa jama'a.

Fili gaba ɗaya ya ɗauka. Yarbawa, Inyamurai, Hausawa, 'yan sanda, masu sayar da ruwa, kowa ya ja sunana har sai da ƙasa ta amsa. Shi kuwa bakinsa a rufe, idonsa a kan takalminsa. Duk zuwan amshin haka ya yi. Mutane suka ce kai, tsohon nan ya iya wasa da 'yan kallo, gwani gwani ne. Na zauna a tsakiyarsu da lallena ina jin sunana daga kowane baki ban da wanda na zo dominsa. Da ya koma gida, in ji Inna, abin da ya fara tambaya shi ne, "Ta zo kuwa?" Ina gabansa fa, ko taku nawa ne tsakaninmu.

Bai ƙara taɓa jita ba. Bana ciwon ƙafa ya sa shi gaba, daga nan sai kwanciya. Da ya ji jikin ya yi nisa ya tara mu, ya kira kowa da sunansa ya yi masa nasiha, ya nemi gafara. Ni ce ta ƙarshe. Ya dubi gefen kafaɗata ya ce, "Ke, ki riƙe ƙannenki." Na ce to, Baba.

Ranar sadakar bakwai 'yar Kawu ta zo, yanzu malamar asibiti ce da 'ya'yanta. Ta ɗaura zane ta shiga wanke-wanke tare da ni a bayan gida, idonta jawur. Ba muguwa ba ce, wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi. Tana cuɗa tukunya tana ba ni labarin gwajin da suka yi a ɗakin ubanta, yadda take kai musu ruwa, yadda tsofaffin ke faɗa a kan wanda ya yi sauri.

"Abin da ya ba ni mamaki, Yaya, ranar wasa da ya ba mutane amshi. A wurin gwaji ai da kansa yake yi."

Kwanon da ke hannuna ya tsaya.

"Da kansa?"

"Eh mana. Babana ya ce ba a gwajin waƙa babu amshi. Sai Baba ya ce a rufe ƙofa da taga. In an rufe sai ya yi."

"Ya faɗi sunan?"

"Ya faɗa. Amma ba irin na faifai ba, da ihu. A hankali yake faɗa, kamar mai tashin yaro daga barci. Ranar farko ma da ya gama sai ya ajiye jitar ya ce mana, 'Tana da juna biyu, ku sa ta a addu'arku ta coci.'"

Gaskiya ne, a lokacin ina da ƙaramin cikin autana, wanda ko Goggo ban gaya wa ba tukuna. Ban san ya sani ba.

Na ce ta faɗa mini yadda ya faɗa. Ta dube ni, ta goge hannunta a zane, ta sassauta murya ta kira sunana. Na ce ta sake. Ta sake. Ta yi iya ƙoƙarinta, baiwar Allah, amma muryarta ce. Baba ya kira ni, ni ɗin nan, da bakinsa, a wani ɗaki a Ajegunle da ƙofa a rufe, kuma ita ce a ciki riƙe da kofin ruwa. Na zuba mata abincin sadaka, na zaɓa mata tsoka mafi girma, na raka ta har bakin titi. Har yau in na tuna ta sai ƙyashi ya taso mini.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya jiƙan Kaka ma duk da abin da ya yi mini. Malamai sun ce 'yan Aljanna ana wanke musu zukata daga ƙyashi kafin su shiga. Idan Allah ya sa muna cikinsu, ina roƙon a bar mini nawa tukuna, in shiga da shi, in nemi inda Baba yake zaune in tsaya a gabansa. Sai ya kira ni sannan a cire.